Alamar Mai Saukowa

A garin da ke gindin dutsen nan ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Waiwaye ake ce masa, yara kuma su ce Baba Waiwaye. Dalili kuwa shi ne ba ya iya taku ashirin bai tsaya ya juya ya dubi inda ya baro ba. Ko kasuwa za shi haka yake yi, ko daga ɗakinsa zuwa bakin famfo. Mai shayin tasha yakan tsokane shi, ya ce wata rana wuyan zai ƙage, ya bar shi fuska a baya ƙeya a gaba. Shi dai sai ya yi murmushi, ya ce ai wuyan nasa ne.

Shekara talatin da biyu ya yi a ofishin gandun daji, kuma aikinsa ɗaya ne tun daga ranar da aka ɗauke shi har ya yi ritaya, wato shafa alama a hanyar dutse. Da damina ta wuce sai ya rataya gwangwani biyu na fenti, fari da ja, ya soke buroshinsa a ɗamara, ya ɗauki ɗan ƙarfen da yake kankare gansakuka, ya hau. Farin zobe yake yi mai faɗin tafin hannu, ya ɗiga ja a tsakiya. Duwatsu ɗari shida da goma sha huɗu ne daga gadar katako zuwa bukkar ƙololuwa, kuma ya san su ɗaya bayan ɗaya, wanda ke shan fenti da wanda ke tofar da shi. Har bayan ya bar aiki, farin bai fita daga gefen faratansa ba. Ma'ajin ofis ya daɗe yana mita cewa tsohon nan yana cin fenti ninki biyu na kowa, domin kowane dutse sai ya shafa masa ta ƙasa, sannan ya zagaya ya shafa masa ta sama. An ɗauka tsabar son aiki ne.

Ɗaki ɗaya gare shi, a bayan shagon ɗinkin matar ƙanensa. Gado, kujera, da kanta cike da gwangwanayen da ya wanke, wannan na ƙusoshi, wancan na maɓallai, wani na irin kabewa. Matarsa ta rasu ba su haihu ba. Abin da ya rage masa a duniya su biyu ne, matar ƙanen nan da 'yarta, wadda garin ke kira Nas, shi kuma yake ce mata Uwata.

Ƙanen nasa, Auta, tare aka ɗauke su aiki a shekarar da aka fara buɗe hanyar. Kafin nan makiyaya ne kaɗai suka san dutsen. Auta ne mai ɗaukar gwangwani, yayan ne mai buroshi, saboda hannunsa ya fi tsayawa. Auta ba ya rufe baki, in ba waƙa yake ba to labarin matarsa yake, wadda a lokacin cikinta ya tsufa. Kwana uku suka yi suna hawa suna shafawa, kowane dutse a fuskar da ke kallonsu. Ran na uku da azahar, suna bukkar ƙololuwa, Auta ya ce hankalinsa ya koma gida, zai sauka, yayan ya ƙarasa 'yan duwatsun da suka rage. Waiwaye ya yi masa dariya, ya ce matar ba za ta haihu ba sai ya iso? Ya ce masa ya bi farin zoben kawai, ko makaho ba zai ɓata ba.

Ba a yi awa guda da tafiyarsa ba gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen. Irin farin hazon nan mai laima, wanda mutum zai miƙa hannu ya kasa ganin yatsunsa sosai. Waiwaye ya shige bukka ya jira. Washegari gari ya waye tas, yana hango rufin kwanon garin daga sama, ya gangaro yana fito, bai ko nemi alama ba don ba ya bukatarta. Yana isa ƙofar gida matar Auta ta fito da hannu a ƙugu ta ce, "Yaya, ina ka baro ƙanenka?"

Kwana goma sha ɗaya aka yi ana nema. Masu neman duk daga ƙasa suke tashi su hau, kuma ga alamu nan raɗau suna sheƙi a gabansu. Ba a tsinci ko takalmi ba. Daga nan sai magana ta canza. Aka ce mutumin da ya ɗauki fentin hanya da hannunsa ba zai ɓata a kanta ba, sai dai in ya sauka ta bayan dutse ya hau mota. Wani direba ya ce kamar ya gan shi a wata tasha mai nisa. Mata suka fara cewa dama matar akwai kaifin baki, namiji yana gajiya. Kwana goma sha tara da ɓatansa ta haifi 'ya mace. Ba ta sake aure ba. Ta sayi keken ɗinki ta kafa shi a bakin ƙofar shago, yana fuskantar titin da motoci ke shigowa gari, duk motar da ta tsaya sai ƙafarta ta tsaya a kan feda har fasinja su gama sauka.

A shekara ta biyu ne hazon ya ritsa da Waiwaye shi ma, yana saukowa. Ya ce a ransa ba komai, ai ga alamu. Ya duba dutsen farko, babu. Na biyu, babu. Duk dutsen da ya tunkara baƙi ne wuluk, jiƙe, ba ko ɗigon fari. Ya durƙusa yana lalube har ya zagaya wani ƙaton dutse, ya juyo ya ɗaga kai, sai ga farin zoben yana kallonsa, yana kallon ƙasa, yana jiran mai hawa. A nan ya zauna. Bai san tsawon lokacin da ya yi a zaune ba. Shi ya riƙe buroshin, shi ya zaɓi fuskar da za a shafa, shi kuma ya ce wa yaron ko makaho ba zai ɓata ba.

A makon nan ya koma ya shafe duwatsun duka ta sama. Ya yi niyyar faɗa wa matar Auta ran da ya gama. Ya iso shagon ya tarar tana shayar da jaririyar, ta ɗago ta gaishe shi da gajiya, bakinsa ya ƙi buɗewa. Ya ce gobe. Gobe ta zama bayan an yaye yarinyar, ta zama bayan ta shiga makaranta. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi, domin ban da laifin fentin yanzu akwai laifin shirun. Yana ji ana yada mata magana a bakin famfo, ya sunkuyar da kai ya wuce.

Abin da ya iya yi shi ne riƙon yarinyar. Shi ya kai ta makaranta a kafaɗa, shi ya gyara rufin shagon. Tun tana 'yar shekara bakwai yake kai ta gindin dutse yana koya mata. Ya rataya mata usur a wuya, ya ce in ta shiga uku ta busa sau uku ta saurara. Ya ce duk alamar da za ta bari, ta tambayi kanta daga ina mai nemanta zai ɓullo, ta sa a inda idonsa zai faɗa. Takan ce, "Baba, kai fa ko a tsakar gida sai ka ɗauka mutum zai ɓata." Da ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, aka ba ta ƙauyukan bayan dutse, duk wata takan goya akwatin sanyi na allurar rigakafi ta hau, ta kwana ɗaya ta dawo.

Bayan ya yi ritaya da shekara biyu, zaftarewar ƙasa ta cinye tsakiyar tsohuwar hanya, ofis ya buɗe sabuwa ta gefen gabas. Samarin da suka gaje shi suka shafa mata alama da fentin feshi, yini ɗaya suka gama. Yana wurin mai shayi ya ji ɗayansu yana cewa da suka kai sama ba su ma wahalar da kansu ba, motar ofis ce ta zagaya ta ɗauko su ta bayan dutse, wajen ƙarfen sabis ɗin waya. Kofin shayin ya tsaya masa a hannu. Washegari ya dogara sandarsa ya je ofis, ya ce a koma a shafa ta sama. Suka ce to Baba, za a yi, suna ƙifta wa juna ido. Wani ya tambaye shi ko an taɓa ɓata ne a hanyar da aka yi wa fenti. Ya ce a dai yi, ya fito. Gwiwoyinsa sun riga sun ƙi, ba zai iya hawa ya duba ba. Ya ja kunnen Nas ta kula da hazo, ta ce ai rani ne, kuma ta san hanyar kamar tafin hannunta.

Ran Litinin ɗin da ta hau, ruwan farko bai sauka ba tukuna. Ran Talata da hantsi ya sauka, bayansa gajimare ya zauna a kan dutsen. Waiwaye ya fito ƙofar ɗaki ya tsaya yana kallo, bai ci abincin rana ba. La'asar ta yi, magariba ta yi. Aka kira ƙauyen, suka ce tun azahar ta yi musu sallama, wai akwai mai jego da take son dubawa a gari. Wayarta ba ta shiga.

Ran Laraba ma'aikatan ceto suka hau, su shida, da igiyoyi da oba-oba. Shugabansu, wanda suke ce wa Oga, mutum ne mai hankali, ya yi shekara goma sha biyar yana ciro mutane daga ramuka. Suka bi sabuwar hanya daga ƙasa har sama suna kira, suka leƙa kowane gefe, suka dawo da yamma hannu wofi. Oga ya ce hanyar lafiya lau take, alamu sababbi, ko yaro zai bi. A ganinsa a mashigar rafin da hanyar ke ƙetarawa ruwa ya ɗauke ta.

Ran Alhamis da sassafe ofishin ya cika. Ɗaki ne mai tebur ɗaya, da taswira manne a bango wadda laima ta cinye gefenta, da benci biyu. Uwar Nas tana zaune a ƙarshen benci, hannuwanta a cinya, da ɗan zare a maƙale a gefen zanenta. Kwana biyu ba ta yi kuka ba. Oga yana nuna rafin da biro, yana cewa yau duk su shidan za su bi ruwa zuwa ƙasa, a kuma buga waya tashoshin bayan dutse ko an ga ta hau mota. Daga bakin taga wani ya yi ƙasa da murya ya ce ubanta ma ai haka ya yi. Matar ba ta motsa ba, sai dai ta damƙe yatsunta.

Waiwaye ya matso da sandarsa ya ce ba ta cikin rafi. Ya ce a zagaya da mota a fara daga sama, a sauko yadda ta sauko, domin alamun ta fuska ɗaya aka shafa su, mai saukowa ba ya ganin komai. Oga ya saurare shi da ladabi. Ya ce Baba, mutum shida gare shi, zagayen kuma awa uku ne a mota, in ya kwashe su zuwa sama alhali tana maƙale a bakin ruwa, to ya kashe ta ke nan. Ya ce ta bi hanyar nan sau huɗu ba abin da ya same ta. Sannan ya faɗi abin da kowa ke faɗa, cewa bai taɓa jin wanda ya ɓata a hanya mai fenti ba.

Tsohon ya dubi taswirar, ya dubi agogon bango. Kwana biyu cikin sanyi da jiƙaƙƙen kaya. Ya san abin da kwana na uku ke yi wa mutum. Bai dubi benci ba.

"An taɓa," in ji shi. "Ƙanena."

Ya faɗi maganar duka, a tsaye, muryarsa ba ta tashi ba. Yadda suka shafa suna hawa, da abin da ya ce wa Auta a bukka, da ranar da hazo ya kama shi ya zagaya dutsen ya ga zoben yana kallon ƙasa. Ya ce shekara talatin da uku ke nan da ya sani. Ya ce yaron bai gudu ko'ina ba, bai hau motar kowa ba, yana cikin dutsen nan har yau, kuma hannun da ya ɓatar da shi ga shi nan. Ya ɗaga hannun kaɗan, ya mayar kan sanda.

Ɗaya daga cikin samarin da suka yi feshin ya zame ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Oga ya ajiye biro. Sai muryar matar ta fito daga ƙarshen benci, a bushe.

"Ku tafi da shi," ta ce. "Ku ɗauko mini 'yata."

Aka sa shi a gaban mota. Hanyar bayan dutse duk taɓo ce, sau biyu suka sauka suka tura. Daga ƙarfen sabis zuwa inda hanya ta fara gangara tafiyar rabin awa ce ga mai ƙafa, su kuwa sai da suka yi awa guda, domin tsohon ya ƙi a bar shi a mota. Biyu suka saƙala hannuwansa a wuyansu, yana tafe yana cije leɓe. Hazon ya ɗan yi sauƙi amma bai tafi ba. Ya ce kowa ya daina kira, kowa ya manta ya san hanyar, su dubi gabansu kawai su faɗa masa abin da suke gani. Suka duba. Baƙaƙen duwatsu, jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wani ya wuce wani dutse ya juyo, ya ga alamar feshin tana ƙyalli a bayansa, ya ce innalillahi a hankali.

Suka gangara har inda doron dutsen ya rabu biyu. Ta hagu akwai faffaɗan sawun awaki, shimfiɗaɗɗe, mai daɗin taku, yana gangarawa kai tsaye kamar gari ya nufa. Hanyar gaskiya kuwa ta dama take, 'yar siririya, ta lanƙwasa ta bayan wani ƙaton dutse, kuma alamarta tana can ƙasan dutsen. Waiwaye ya tambayi Oga, in shi ne yana sauri, da kaya a baya, ba ya ganin taku biyar, wacce zai bi. Oga ya juya hagu.

Sawun awakin ya yi ta siranta har ya watse cikin sarƙaƙiya. Nan tsohon ya ce su tsaya, su dubi rassa daidai tsayin ƙirji. Ba su daɗe ba wani ya nuna da yatsa. Ƙyallen bandeji ne fari, an ɗaure shi a reshe, ƙullin yana fuskantar sama, inda mai saukowa zai gani. Gaba kaɗan ga wani. Waiwaye ya taɓa shi da yatsa biyu, ya ce ta gane ta ɓata tun daga nan, kuma hankalinta yana jikinta. A ƙyalle na bakwai suka sami akwatin sanyin an ajiye shi a kan wani falalen dutse, a rufe, an danne murfin da dutse. Daga nan ƙasa ta zame, an ga inda ciyawa ta tuge, doguwar tsaga ta taɓo zuwa cikin kwazazzabo.

Tsohon ya zaro nasa usur ɗin daga aljihu ya busa sau uku. Suka saurara. Ɗigar ruwa kawai. Ya sake busawa. Sai da ya yi na huɗu, can ƙasa, kamar kukan ɗan tsuntsu, aka amsa. Sau biyu, aka tsaya, sannan na uku da ƙyar.

Da igiya suka sauka. Shi aka bar shi a sama, zaune kusa da akwatin, yana jin muryoyinsu ta oba-oba. Nas tana ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, ƙafarta ta dama ta karye ƙasa da gwiwa, ta ɗaure ta da kanta da sanduna biyu da ragowar bandejin. Ruwan da ke ɗiga daga dutsen take tarawa a murfin kwalba. Jikinta ya yi sanyi ƙalau, leɓunanta sun yi fari, amma tana gane mutane. Awa biyu aka yi kafin a ɗago ta a kan gadon igiya. Da aka ajiye ta a gabansa ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa.

"Baba," ta ce, "wa ya hawo da kai nan da gwiwoyin nan?"

Ya ce ta yi shiru, ta adana numfashinta. Ta ce allurai suna nan? Ya ce suna nan, ga su, ba abin da ya taɓa su. Ta ce ta waiwaya fa, kamar yadda ya ce, amma sai bayan ta riga ta yi nisa. Ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓa mata, ya kama yatsunta yana murzawa, har aka ɗaga ta.

Likita ya ce da ta ƙara kwana ɗaya da sai dai wani labarin. Ƙafar ta haɗu, ko da yake har yanzu in sanyi ya yi takan ɗan ɗingisa. A makon da ya biyo baya samarin suka koma sabuwar hanya da gwangwani, suka fara daga sama. Oga ya sa aka rubuta a allon ofis cewa ba a gama shafa hanya ba sai wanda ya shafa ya sauko a kanta da ƙafarsa. Mai shayi ya daina maganar wuya. In tsohon ya tsaya a tsakiyar titi ya juya, mutane sukan ratse su ba shi wuri.

A asibiti uwar Nas ba ta ce masa komai ba. Sukan zauna a benci ɗaya a baranda, ita a wannan ƙarshe shi a wancan. Da aka dawo gida, abincinsa bai fasa zuwa ba, sai dai a bakin ƙofa yake tarar da kwanon, an rufe, ba sallama. Ranar da suka haɗu a bakin famfo ya gaishe ta, ta amsa, sannan ta tsaya da bokiti a hannu ta ce shekara talatin da huɗu tana kwana tana tashi tana binciken abin da ta faɗa wa mijinta da ya kore shi. Ta ce har ta tuno wata magana da ta yi masa kan takalmansa masu taɓo, ta riƙe ta, ta ce ita ce. Ta ce kalma nawa ce, Yaya, da ka kasa faɗa mini? Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Nas, da aka ba ta labari, ta yi kwana biyu ba ta neme shi ba. Ran na uku ta aika a ce masa ya zo ya gyara mata sandar dogarawa, ta yi mata tsawo. Ya zo da zarto ya rage, ta gwada, ta ce yanzu kuma ta yi gajere, aikin tsofaffi ke nan. Ya zauna a gefen gadon kusa da ita.

Damina ta yi tsakiya, ta fara janyewa. Wata safiya yana ɗaki yana jera gwangwanayensa sai ya ji ƙarar jan ƙarfe a kan siminti daga cikin shago. Ya fito ya leƙa. Matar ce take jan keken ɗinkin ita kaɗai, daga bakin ƙofar da ya shekara talatin da wani abu yana kallon titi. Ƙafafunsa sun bar ramuka huɗu a simintin. Bai tambaye ta ba, ya jingine sanda ya kama ɗaya gefen. Suka kai shi jikin tagar baya, ta buɗe tagar, wadda ta ƙage sai da ta buga da tafin hannu. Daga nan dutsen yake cika ido, tun daga gindi har ƙololuwa, sama ta yi wasai.

Ta zauna ta gyara zare, ta lashi bakinsa ta zura a allura. Ba tare da ta dube shi ba ta tambaye shi a wane wuri ne Auta ya ɓata. Ya matso ya miƙa hannu, ya nuna mata can ƙasa da bukka, inda tsohuwar hanya ke lanƙwasa kusa da wani farin tabo. Ya ce yana zaton nan ne, amma ba zai rantse ba. Ya ce akwai gangare ta hagu da ke yaudarar mutum, kamar zai kai shi gari.

Ta daɗe tana kallon wurin.

"Ke nan gida ya nufo," ta ce.

"Gida ya nufo," in ji shi. "Sauri ma yake yi. Na ce ya tsaya ya sha ruwa, ya ce sai ya iso."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo wata rigar makaranta da aka kawo ɗinki, ta shimfiɗa ta ƙarƙashin allura, ta sa ƙafa a feda. Wata mota ta tsaya a titi, aka ji fasinja suna sauka, keken bai tsaya ba. Waiwaye ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya tsaya ya juya, kamar kullum. Tana nan sunkuye a kan ɗinkin, hasken tagar yana kan hannuwanta.